Jirgin Ambe Da Tafiyar Laberiya

Ina so in ɗan taɓa tarihin wani jirgin ruwan soja. Na san wasu za su ce me ya haɗa mutumin Jabo da teku, mu da ruwanmu bai wuce na fadama da rafi ba? To, dalilin shi ne wani ɗan ajinmu, wanda ba sai na kama suna ba, a cikin wannan jirgi ya fara ganin teku, kuma a cikinsa aka kai shi fagen yaƙi.

Irin wannan jirgi gindinsa a baje yake, saboda haka yana iya kutsawa har bakin yashi, ya wangame ƙofar gabansa, ya sauke gada, tankokin yaƙi da motoci su fito da kansu. Ba ya bukatar tashar jiragen ruwa. Turawan Ingila ne suka nemi irinsa bayan wahalar da suka sha a Dunkirk cikin 1940, Amurka kuma ta ƙera fiye da 1,000 kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare. Ƙasar Girka, mai tarin tsibirai, ta ƙera guda 5 a gida, a Elefsis, masu tsawon mita 116.

Mu a Nijeriya guda 2 muka saya daga Jamus, wato Ambe da Ofiom, suka fara aiki a 1979. Ranar amfanin Ambe ta zo a 1990, lokacin da yaƙin basasa ya rincaɓe a Laberiya, ƙungiyar ECOWAS ta kafa rundunar ECOMOG. Dakarun sun taru a Firitawun ta Saliyo, suka tashi ta ruwa, suka isa tashar Monrobiya ranar 24 ga Agusta, a ƙarƙashin Janar Arnold Quainoo na Gana. Mutanen Charles Taylor ba su yi maraba da su ba, da harbi suka tarye su.

Abokin namu ya ce mini amai ya fi harsashi ba shi wahala a kan hanya, domin jirgi mai bajajjen gindi ba ya zama wuri ɗaya in igiyar ruwa ta taso. Ya ce ko alƙibla ba su iya tsayar da ita wajen salla. Muka yi ta dariya. Amma da ya zo kan labarin mata da yara 'yan Nijeriya da suka yi cincirindo a tashar suna roƙon a kwashe su, sai ya yi shiru, ni ma ban matsa masa ba. A tashar nan ne kuma mutanen Prince Johnson suka kama Shugaba Samuel Doe ranar 9 ga Satumba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, jiragen nan biyu sun tsufa sun daina aiki, aka daɗe ba a maye gurbinsu ba, alhali mun riga mun ga ranarsu. Sai a 2022 sabo ya iso, mai tsawon mita 100, wanda kamfanin Damen ya ƙera a Sharja. Sunan Hausa aka raɗa masa: Kada. Da na gaya wa mutumin namu, cewa ya yi sunan ya dace da bakin jirgin, amma shi ko kyauta ba zai sake hawa ba.