Kwinolin

Kwinolin wani sinadari ne da ake gina magunguna da dama a kansa. Siffarsa zobba biyu ne a manne da juna, ɗaya daga cikinsu na ɗauke da naitirojin. Masana kan sauya abin da ke rataye a gefen zobban, sai a samu magani dabam mai aiki dabam. Bajamushe Friedlieb Ferdinand Runge ne ya fara tace shi daga kwaltar gawayi a 1834.

Zazzaɓin cizon sauro

An fi sanin dangin kwinolin a maganin zazzaɓin cizon sauro. An ciro kwinin daga ɓawon itacen sinkona a Faransa a 1820, aka haɗa kulorokwin a Jamus a 1934. Amodiyakwin ma ɗan gidan ne. Yana cikin maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk damina a jihar Sakkwato, har da ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe.

Tarin fuka

Bedakwilin, wanda kamfanin Janssen ya samar, ya samu amincewar hukumar abinci da magunguna ta Amurka a watan Disamba na 2012. Kafin shi an shafe shekara 40 ba a samu sabon nau'in maganin tarin fuka ba. Yana toshe hanyar da ƙwayar cutar ke samar wa kanta kuzari, sai ta mutu.

Ana ba da shi ga mai tarin fukan da ya bijire wa magungunan farko. A da irin wannan majinyaci kan yi wata 18 zuwa 24 yana magani, har da allurai masu iya kurmantarwa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin ƙwayoyin sha na wata 6, wanda bedakwilin ke ciki. Yana iya taɓa bugun zuciya, don haka ake auna zuciyar mai shan sa. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, kuma gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Ciwon daji

A 1966 Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana gano kamtotesin a wani itace na ƙasar Sin. Daga gare shi aka samu irinotekan na sankarar hanji da topotekan na sankarar ƙwan mace, masu hana ƙwayoyin daji kwafar ƙwayar halittarsu. Lenbatinib kuwa, da ake bai wa masu sankarar hanta, yana hana tsirowar jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙari.

Gargaɗi

Zama dangi ɗaya bai sa magungunan nan aiki ɗaya ba. Kulorokwin ba ya warkar da tarin fuka, kuma katse bedakwilin kafin wa'adi na iya sa ƙwayar cutar ta bijire masa. Duk tarin da ya kai mako biyu yana bukatar gwajin majina.