Yaushe Aka Fara Barin Talaka Ya Shiga Zaman Majalisar Gari?

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu a Tudun Wadan Zariya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, malamin ya ce ya ji labari wai a ƙasar Ingila kowane mutum yana iya shiga ya zauna ya saurari kansiloli in suna zaman majalisar gari. Yana so ya san ko gaskiya ne, in kuwa gaskiya ne yaushe aka fara, kuma wa ya kawo wannan tsari, don su a wajensu sai dai su ji an ce an yi zama an tashi.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya. Abin da ka ji gaskiya ne, amma fa kada ka ɗauka haka aka iske abin tun fil azal. An shafe sama da shekara 100 ana kai ruwa rana tsakanin kansiloli da 'yan jarida da sauran jama'a kafin a kawo inda ake yanzu. Duk sa'ad da doka ta buɗe wata ƙofa, sai kansiloli su nemi wata kafar da za su ɓuya, sai kuma a sake yin wata dokar a toshe ta.

Mafarin maganar wani ƙaramin gari ne a bakin teku a yankin Wales na Birtaniya, ana kiransa Tenby. Akwai wani mutum a garin mai suna Frank Mason, shi ne mai jaridar Tenby Observer, kuma yakan je zaman majalisar garin ya rubuta abin da aka tattauna. A shekarar 1907 kansiloli suka ce rahotanninsa ba sa yin daidai, suka yanke shawarar hana shi shiga. Shi kuwa ya ce atafau sai ya shiga. Magana ta kai gaban alƙali, kuma a 1908 kotu ta ba majalisar gari gaskiya. Hukuncin shi ne, ɗan jarida ba shi da haƙƙin shiga zaman, haka ma mai biyan haraji, sai in kansiloli sun ga dama. Wato da kuɗinka za a yi aiki, amma ba ka da ikon jin yadda za a kashe su.

Wannan hukunci ya ta da ƙura ƙwarai, har a cikin shekarar ta 1908 Majalisar Dokokin ƙasar ta yi doka wadda ta ba 'yan jarida izinin halartar zaman majalisun garuruwa. Sai dai dokar tana da giɓi biyu. Na farko, 'yan jarida kaɗai ta ambata, ba ta ce komai game da sauran jama'a ba. Na biyu, babban zama na dukkan kansiloli ta fi shafa, ta bar yawancin kwamitoci a rufe. Ai kuwa sai kansiloli suka gano dabara. Da zarar an zo kan maganar da ba sa so a ji, sai wani ya miƙe ya kawo shawarar a mai da zaman ya koma na kwamiti. Mutanen dai su ne, ɗakin ma shi ne, suna kawai aka sauya, amma sai a ce wa 'yan jarida su fita. A can za a gama komai, in aka dawo babban zama sai dai a ɗaga hannu a amince. An gudu ba a tsira ba ke nan, kuma haka aka yi ta tafiya har shekara 50.

A 1959 ma'aikatan maɗaba'u suka shiga yajin aiki. Wasu majalisun garuruwa da ke hannun jam'iyyar Leba, don nuna goyon baya ga masu yajin, suka juya wa wakilan jaridun da suka ci gaba da fitowa baya, suka hana su samun labarin zama. A watan Oktoba na wannan shekara aka zaɓi wata sabuwar 'yar majalisa daga mazaɓar Finchley a birnin London, wato Uwargida Margaret Thatcher, wadda daga baya ta zama Firayim Minista a 1979. A Majalisar Dokokin Birtaniya akan jefa ƙuri'a don fitar da 'yan majalisar da za a ba damar gabatar da shirin doka na ƙashin kansu. Ƙuri'a ta faɗo mata, ita kuma ta ɗauki wannan batu. Ranar 5 ga Fabrairu 1960 ta tashi ta gabatar da shi, kuma wannan ne jawabinta na farko a zauren. Hujjarta ita ce majalisun garuruwa suna kashe maƙudan kuɗin jama'a, don haka dole jama'a su san yadda ake kashe su.

Da farko shirin dokar 'yan jarida kawai ya ambata, amma kafin a kammala aka faɗaɗa shi ya haɗa da kowa da kowa. To Malam, ga amsar tambayarka kai tsaye: dokar 1960 ce ta fara ba talaka haƙƙin shiga, kuma ta soma aiki a 1961. Ta wajabta a sanar da lokaci da wurin zama kwana 3 kafin ranar, ta kuma toshe waccan dabara ta mai da dukkan majalisa kwamiti.

Duk da haka sauran kwamitoci, inda ake ainihin aikin, suna nan a rufe. Dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ce ta buɗe su. Sai kuma aka lura cewa shiga ɗaki kawai bai wadatar ba, domin mutum yana zaune zai ji an ce an amince da abin da ke shafi na kaza, shi kuwa babu takardar a hannunsa. Saboda haka dokar 1985, wadda ɗan majalisa Robin Squire ya gabatar, ta ce a ba jama'a damar duba jerin batutuwa da rahotannin jami'ai kafin zama, kuma a ajiye bayanan zama shekara 6 don mai son dubawa. Ta kuma lissafa abubuwan da za a iya rufe ƙofa a kansu, kamar sirrin wani mutum, ko cinikin kwangila da ba a gama ba, ko shawarar lauya. Ko a nan ma sai an faɗi dalili a fili.

Da wayar hannu ta zo sai sabuwar rigima ta taso. A 2011 'yan sanda suka kama wata mata a Carmarthenshire ta Wales don ta ƙi daina ɗaukar hoton zaman majalisa da wayarta. A 2014 aka yi ƙa'ida a Ingila cewa kowa yana iya ɗaukar hoto ko murya a zaman da yake a buɗe, ya kuma watsa. Wales ma ta yi dokarta a 2021, wadda ta wajabta wa manyan majalisunta watsa zamansu ta intanet.

Saura abu guda da ya kamata ka sani. Shiga daban, magana daban. Waɗannan dokoki na Ingila sun ba mutum ikon ji da gani ne, amma damar tashi ya yi tambaya tana hannun kowace majalisa, ko da yake da yawansu sukan ware 'yan mintoci don haka. A wannan fanni jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi gaba, domin dokarta mai suna Brown, wadda aka fara kafawa a 1953, ta wajabta a liƙa jerin batutuwa awa 72 kafin zama, kuma a bar jama'a su tofa albarkacin bakinsu.

Darasin da ke ciki, Malam, shi ne babu inda kansiloli suka wayi gari suka buɗe ƙofa don raɗin kansu, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mutane ne suka nace. Kuma abu uku ne suke tafiya tare: a sanar da ranar zama, a ba ka takardun abin da za a tattauna, a bar ka ka yi magana. In ka je sakatariyar ƙaramar hukumarku, waɗannan ukun za ka tambayi kansilan mazaɓarka.

Da fatan ka gamsu. Sai mun sake jin ka.