Ciwon dajin Burkitt: tarihin bincikensa

Ciwon dajin Burkitt sankara ce da ta fi kama yara, wadda kan kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni. An raɗa mata sunan Denis Burkitt, likitan tiyata ɗan Ireland da ya yi aiki a asibitin Mulago da ke Kampala, a Uganda.

A 1957 aka nuna masa wani yaro da kumburi ya kama masa muƙamuƙin sama da na ƙasa. Ba a jima ba ya ga wani yaron da irin wannan larura, sai ya koma kan tsofaffin takardun asibiti, ya tarar cewa ciwo ɗaya ne ake ta rubutawa da sunaye daban-daban. Ya wallafa bayaninsa a 1958, amma kusan ba wanda ya kula.

Burkitt ba shi da ɗakin gwaje-gwaje ko kuɗin kirki. Wasiƙu ya aika wa asibitocin Afirka yana tambaya ko suna ganin ciwon. A 1961 shi da likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka shiga tsohuwar mota suka yi tafiyar kimanin mil 10,000, suna bin asibitoci fiye da 50 a gabashi da kudancin nahiyar. Taswirar da suka zana ta nuna ciwon na bin wurare masu zafi da yawan ruwan sama, yana ƙaurace wa tsaunuka masu sanyi. Wannan ne ya sa aka fara zargin sauro, daga baya aka tabbatar cewa zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa na da hannu a ciki.

A wata lacca da Burkitt ya gabatar a Landan a 1961, wani mai bincike, Anthony Epstein, na cikin masu sauraro, ya kuma roƙi a riƙa aiko masa da tsokar ciwon da aka yanko daga jikin majinyata a Kampala. A cikinta ne shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964, ta farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam.

Wuƙar tiyata ba ta iya wa ciwon ba, amma magunguna irin su methotrexate da cyclophosphamide sun narkar da shi, wani lokaci da allura ɗaya ko biyu. A Ibadan, Victor Anomah Ngu, likita ɗan Kamaru, ya yi irin wannan aiki, kuma yana cikin waɗanda suka karɓi lambar yabo ta Lasker tare da Burkitt a 1972. Ya kamata a riƙa ambaton sunan Ngu fiye da yadda ake yi.

Yau a ƙasashe masu arziki kusan yara tara cikin goma na warkewa. A yankunan da aka gano ciwon kuwa, yara da yawa na mutuwa saboda ana kai su asibiti a makare, magani na yankewa, iyaye kuma kan rasa kuɗin motar komawa karɓar allura ta gaba.