Tsakiya da Lantana: Jan Dutsen da Ya Ratsa Ƙasar Gwandu

A jihar Oregon ta Amurka akwai gonakin da mutum ke biyan kuɗi don a bar shi ya shiga rami da diga da bokiti ya tono dutse. In ya gama a auna abin da ya tara, ya biya, ya tafi gida. Abin da suke nema wani dunƙulen dutse ne mai kama da curin ƙasa, wanda in an yanka shi biyu sai a tarar da zane mai launi iri-iri a cikinsa. Sunansa a can yana nufin ƙwan aradu, domin tatsuniyar yankin ta ce aljanun tsawa ne ke jifan juna da shi daga kan duwatsu. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tunda shi ma yana da gatarin aradu. A 1965 jihar ta ayyana shi a matsayin dutsenta na alfahari.

Abin da ke cikin ƙwan nan shi Larabawa ke kira aƙiƙ, kuma dangin dutsen da ake yin tsakiyar da kakanninmu mata ke ɗaurawa a wuya ne. Yana samuwa ne idan narkakken dutse ya huce ya bar kogo a cikinsa, ruwa mai ɗauke da ma'adini ya riƙa shiga yana daskarewa kaɗan-kaɗan har kogon ya cika. Taurinsa ya kai wuƙa ba ta iya kartarsa. Abin da Ba'amurke ke yi don nishaɗi, a yankinmu sana'a ce da ta ciyar da gidaje, kuma tarihinta ya bi ta ƙofar Jega.

An kafa Jega wajajen 1820. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa ta, ɗan malamin nan na Gimbana wanda harin da Gobirawa suka kai wa garinsa ya zama ɗaya daga cikin dalilan hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804. Garin ya zauna a bakin gulbin Zamfara, wanda ke haɗuwa da gulbin Kabi su faɗa Kwara. Nan da nan kasuwarsa ta zama babbar kasuwar ƙasar Gwandu, inda ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ke yada zango su yi guzuri kafin su ƙetare ruwa su shiga Bargu.

A gefen Kwara, ƙasa da garin Sayi, akwai Kirtashi, wadda yau take cikin Jamhuriyar Nijar. Daga wannan yanki ake tono jan dutsen da aka sani da lantana. Fataken Hausawa ke sayensa gunduwa-gunduwa, su loda a jiragen ruwa, su gangara ta Gaya da Illo da Yawuri har Jebba, daga nan a ɗauka a ka zuwa Ilori. Sayi da Ilori duka suna bin Gwandu a wancan zamani, saboda haka dutsen ya yi yawancin tafiyarsa ne a ƙarƙashin inuwar tuta ɗaya, ta hanyoyin da 'yan kasuwar Jega suka sani kamar tafin hannunsu.

A Ilori ne dutse ke zama dukiya. Masu sana'ar sun gaje ta daga tsohuwar Oyo, wadda ta watse a shekarun 1830, mutanenta da yawa suka koma Ilori. Mai aiki zai fara fasa dutsen ya daidaita girmansa, ya riƙe shi da yatsun ƙafa, ya kafa ɗan tsinken ƙarfe yana bugawa da ƙaramar guduma yana juyawa. In ya kai rabi sai ya juya ya faro daga ɗaya gefen har hudojin biyu su haɗu. Bugu ɗaya da ya wuce kima ya isa ya raba dutsen biyu, aikin yini ya tashi a banza. Bayan huda sai niƙa a kan dutse da ruwa, sai gogewa har ya yi sheƙi. Sarakunan Yarabawa da fadar Binin su ne manyan masu saye, domin a wurinsu jan dutsen wuya alamar sarauta ne.

Wanda ya shiga rami a Kirtashi ya sami na abinci. Farke ya sami ribar hanya. Amma suna da kaso mafi tsoka sun tafi ga mai tsinke da guduma, shi ya sa har yau a littattafan tarihi ana cewa lantanar Ilori, ba a cewa ta Kirtashi.

Ba daga nan kaɗai jan dutse ke zuwa ƙasar Hausa ba. Garin Kambat na yankin Gujarat a Indiya ya shafe ƙarnuka yana gasa aƙiƙ a tukwane don ya ƙara ja, yana turawa ta Bahar Maliya, alhazai da fataken Sahara su ƙaraso da shi. Daga baya Jamusawan Idar-Oberstein suka shigo kasuwar. Nasu dutsen ya kusa ƙarewa, sai a shekarun 1830 suka fara kawo ɗanye daga Brazil, suna niƙawa da ƙarfin ruwan kogi, suna rina shi. Sun kwaikwayi har talhatana, abin wuyan nan mai kusurwa uku da zobe a sama da matan Buzaye da Hausawa ke so. Bayansu masu gilashi na ƙasar Cek suka zubo nasu a kan farashin da mai aikin hannu ba zai iya karawa da shi ba.

Zuwan Turawa ya ƙarasa sauran. Iyaka ta bar Kirtashi a hannun Faransa, Ilori a hannun Ingila. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, hanyar Gwanja ta fara mutuwa. Kafin ƙarshen shekarun 1930, daga ɗaruruwan masu huda lantana a Ilori saura 'yan ƙalilan.

Tsakiyoyin da suka rage sun kwanta a cikin kwalla da adudu. Tun daga shekarun 1960 dillalai suka riƙa bi gida-gida suna saye da araha, kuma 'yan kasuwar Hausawa ne kan gaba wajen kai su Abidjan da New York da babbar kasuwar duwatsu ta Tucson, inda masu tara kayan tarihi ke rububinsu. Duk wadda ta gaji irin wannan ta duba kafin ta sayar. Dutse na gaske ya fi gilashi daɗewa da sanyi a tafin hannu, ba shi da kumfa a ciki, ba shi da layin haɗi. Hudar hannu kuwa ta kan yi faɗi a baki biyu, ta tsuke a tsakiya, wani lokaci ma ta ɗan kauce.

Yau an koma rami. Matasa na haƙar zinariya a ƙasar Yawuri da Zamfara, ana lodin duwatsu a buhuna ana fita da su ɗanyu. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Haɗarin namu ne, yanka da gogewa da sa farashi kuwa a Jaipur da Bangkok ake yi. Jamusawan nan ba su da dutsen, hannu da ilimi suke da su. A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006, tafiyar 'yan mintoci daga kasuwar Jega. Injin yanka dutse da malamin da zai koyar da shi ba su fi ƙarfin jiha ba, kuma yaron Maiyama da ya iya gane dutse ya goge shi ba zai ƙara sayar da buhu a kuɗin tsakuwa ba.