Marakuja: Baƙuwar da Har Yanzu Hausa Ba Ta Raɗa wa Suna Ba

A cikin 1851, lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa ƙasar Hausa, ya tarar da gwanda a tsaye cikin gidajen mutane tamkar 'yar asalin ƙasa, alhali daga nahiyar Amurka ta fito. Hausawa sun ara mata sunan gwandar daji, suka ce gwandar Masar, daga baya Masar ɗin ta faɗi. Haka gwaba ta zo daga Amurka, mangwaro daga Indiya, kowanne ya samu suna da gurbi. Akwai kuma baƙuwar da har yau ba a raɗa mata suna ba: tsiro ne mai yaɗo da ba ya kaɗe ganye, 'ya'yansa kamar ƙwai, cike da ruwa mai tsami da ƙamshi. Masu sayar da kayan marmari na kiransa fashan furut, mutanen Birazil kuwa marakuja.

Asalinta kudancin Birazil ne da Faragwai da arewacin Ajantina. Sunanta na Turanci daga mishan na Katolika ya samo tushe, domin sun ga siffar furen ta dace da labarin gicciye a aƙidarsu: zaren da ya kewaye furen shi ne rawanin ƙaya, kawuna ukun da ke tsakiya su ne ƙusoshi. Giacomo Bosio ya yaɗa wannan fassara a littafin da ya wallafa a Rum a 1610. A 1818 John Sims ya ba ta sunan kimiyya, Passiflora edulis, a Ingila. Ta isa tsibiran Hawai daga Ostareliya a 1880, a Kenya kuma aka fara nomanta don kasuwa a 1933.

Wannan yawo ya koya wa manoma cewa marakuja iri biyu ce. Mai launin shunayya ta fi zaƙi, amma sanyin tuddai take so, shi ya sa ta karɓi tsaunukan Kenya. Rawayar ta fi girma da tsami, ta fi jure zafi da cututtukan ƙasa, kuma ita Birazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman marakuja, ta fi shukawa. A Ostareliya da Afirka ta Kudu har aure ake yi musu, irin na mangwaro: saiwar rawaya a ƙasa, reshen shunayya a sama.

A nan ne tarihin ya shafi Kaduna. Gwamnatin Lugard ce ta kafa birnin a 1913, aka mayar da hedikwatar Arewa can daga Zungeru a 1917, aka kuma yanka wa Turawa manyan filaye a arewacin kogi. Gidajen gwamnati masu faɗin fili a Unguwar Rimi da Malali gadon wancan tsari ne, kuma irinsu ne suka dace da tsiron da ke son katanga ko rumfar waya. Sai dai tsayin Kaduna daga teku kimanin mita 600 ne, na Jos kuwa kusan 1,200. Wanda ya sha mai launin shunayya, ya ji daɗinta, ya adana irin ya shuka a Malali, ya ɗauko 'yar tudu ne ya kai ta inda zafin Maris da Afrilu zai kakkaɓe mata fure. Rawayar ce ta dace da Kaduna.

Ita ma tana da sharuɗɗa. Furenta ba ya ɗaukar garin furen gindinsa, don haka gindi ɗaya tilo kan cika rumfa da ganye da fure amma babu ɗa. Dole a shuka aƙalla biyu daga iri daban-daban. Furen wajen tsakar rana yake buɗewa, yini guda kuma yake yi. Mai ɗaukar garin daga fure zuwa fure shi ne babban baƙin ƙudan nan mai huda katako ya yi gida a ciki, wanda magidanta da yawa ke kashewa da feshi. Inda babu shi, sai mutum ya shafa garin da yatsa. Saiwarta ba ta nitsewa can ƙasa, saboda haka tana buƙatar ban ruwa daga Nuwamba zuwa Afrilu, ba ta kuma jure kwanciyar ruwan Agusta. Takan fara 'ya'ya cikin shekara guda, ta tsufa bayan shekara uku zuwa biyar. Ɗan da ya nuna da kansa yake faɗowa, a tsinta, a tace, a ƙara ruwa da sukari.

Jihar Kaduna ta riga ta ga yadda baƙon yaɗo ke zama ɗan gida: inabin Ƙaramar Hukumar Kudan, kusa da Zariya, ya yi suna a Najeriya saboda manoma sun laƙanci datsa da ban ruwa da rumfa. Marakuja ma abin da take nema ke nan: irin da ya dace, ruwan rani, da a ƙyale baƙin ƙudan. Suna kuwa kasuwa ce ke raɗa shi, ranar da masu tallan lemo a bakin Titin Ahmadu Bello suka fara jera ta a faranti.