Damargu da Tarihin Rufe Iyakar Nijar da Nijeriya

Ficewar Nijar daga ƙungiyar CEDEAO, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ta farfaɗo da muhawara kan abin da ya karya takunkumin 2023, wato rufe iyakoki da dakatar da hada-hadar kuɗi da katse wutar lantarki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Ƙasar Damargu, wadda a yau ta ƙunshi Tanut da Belbeji a jihar Damagaram, ta daɗe da sanin irin wannan mataki, domin tun ƙarni na 19 ayarin Abzinawa masu bin hanyar Kano da Agadas zuwa Tarabulus suke yada zango a cikinta su sayi gero. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 zuwa 1906 suka gitta iyaka a kan hanyar, aka kuma toshe ta tsakanin 1940 da 1942, lokacin da Nijar take hannun gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus.

Ƙawancen gwamnatocin Nijar da Nijeriya ya kafu ne a yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, sa'ad da shugaban Nijar Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin Yakubu Gowon duk da cewa Faransa ta karkata ga Biyafara, matsayin da ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne ga shugaban da kuɗin ƙasarsa yake jingine da Paris. Daga nan aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta ƙasashen biyu a 1971 mai mazauni a Yamai, sannan wutar madatsar Kainji ta isa Nijar a 1976. Wannan bai hana gwamnatin Muhammadu Buhari rufe iyaka a Afrilun 1984 ba, a shekarar da fari ya cinye gonaki da dabbobi, har jama'a suka laƙaba wa yunwar sunan El-Buhari. Sai a Maris 1986 aka buɗe, aka kuma sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020.

Masu goyon bayan ƙawancen AES, wanda Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ranar 16 ga Satumban 2023, suna danganta nasarar karya takunkumin ga jerin manyan motocin da sojoji suka rako daga tashar ruwa ta Lome ta cikin Burkina, lamarin da yake tuna jigilar abinci da gawayi ta sama da Amurka da Ingila suka yi wa Berlin a 1948 da 1949. Hanyar ta taimaki Yamai, amma Tanut tana da nisan fiye da kilomita 1,000 daga babban birnin, saboda haka bayanin bai gamsar ba. Abin da ya fi tasiri a gabas shi ne matatar mai ta SORAZ da ke gundumar Ollelewa ta Tanut, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, sai kuma turjiyar arewacin Nijeriya, inda ƴan majalisar dattawa suka ƙi amincewa da amfani da ƙarfin soja, Muhammadu Sanusi na II da tawagar malamai suka gana da jagoran juyin mulkin, Janar Tiani, a Agustan 2023, fatake kuma suka ci gaba da bin barauniyar hanya a kan iyakar da ta kai kimanin kilomita 1,500.

CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, kwanaki kaɗan bayan Gowon, wanda Diori ya tallafa wa a baya, ya yi kiran a janye shi. A watan Maris Nijar ta buɗe iyakarta da Nijeriya, amma ta bar ta Benin a rufe.