Hukumar JAMB: Tarihin Ƙofar Shiga Jami'a a Najeriya

Duk gidan da yake da ɗa ko 'ya a ajin ƙarshe na sakandare ya san sunan JAMB. Ita ce hukumar da ke shirya jarrabawar share fagen shiga manyan makarantu, kuma a shekarun nan masu zama jarrabawar tata kan kusanci miliyan biyu a shekara. Sai dai da yawa daga cikin masu biyan kuɗin rajista ba su san dalilin da ya sa aka kafa ta ba, balle irin matsalar da ta zo ta warware.

Har zuwa farkon shekarun 1970, jami'o'i shida kacal Najeriya take da su: ta Ibadan wadda ta fara a 1948, ta Nsukka a 1960, sai Ahmadu Bello ta Zariya da ta Ife da ta Legas a 1962, sannan ta Benin a 1970. Kowacce ita ke shirya tata jarrabawar, ita ke ɗaukar ɗalibanta. Ɗan mai hali yakan sayi takardar neman gurbi a jami'o'i uku ko huɗu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya samu shiga biyu ko uku, ya zaɓi ɗaya. Sauran guraben sai su tafi a banza, alhali ga wani yaro mai ƙwazo zaune a gida don ba shi da kuɗin mota. Da aka ƙara sababbin jami'o'i bakwai a 1975, a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilori da Kalaba da Fatakwal, sai ruɗanin ya ƙaru.

Shugabannin jami'o'in ne suka fara neman mafita. A 1974 kwamitinsu ya gayyato masana biyu, ɗaya daga Ingila, ɗaya daga Kanada, don su ba da shawara kan yadda za a haɗa ɗaukar ɗalibai wuri guda. Daga baya gwamnatin soja ta karɓi ragamar maganar, ta kafa kwamitin ƙasa a ƙarƙashin Michael Saidu Angulu. Rahoton wannan kwamiti ne ya haifar da Dokar Soja mai lamba 2 ta 1978, a zamanin Janar Olusegun Obasanjo, wadda ta kafa hukumar. Angulu ne magatakardanta na farko, kuma a shekarar ce aka yi jarrabawar farko ta bai ɗaya.

Manufar ba ta tsaya ga rage ɓarnar gurabe ba. Ƙasar ba ta daɗe da fitowa daga yaƙin basasa ba, kuma tazarar ilimin boko tsakanin Arewa da Kudu tana da faɗi. An so jami'o'in tarayya su zama wurin da ɗan Sakkwato zai zauna benci ɗaya da ɗan Kalaba. Wannan tunani ne ya haifar da tsarin rabon gurabe da ake bi a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta zalla, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a fannin ilimi, waɗanda galibinsu na Arewa ne. An sha sukar wannan tsari, wasu na ganin yana tauye mai maki da yawa. Amma gaskiya ita ce, ba don shi ba, da yaran garuruwa da dama ba su taɓa leƙa jami'a ba.

Bayan Angulu, Dakta Muhammad Abdulrahman ya riƙe hukumar daga 1986 zuwa 1996. A zamaninsa ne Dokar Soja mai lamba 33 ta 1989 ta faɗaɗa aikinta, aka ɗora mata ɗaukar ɗaliban kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin horar da malamai. Farfesa Bello Salim ya gaje shi har zuwa 2006. Duk tsawon wannan lokaci da takarda da fensir ake jarrabawa. Ɗalibi ya zo da fensirinsa da abin gogewa, ya zauna yana cike ɗigon amsa, a kwashe takardun a kai wa na'ura ta duba, shi kuma ya koma gida ya yi ta dakon sakamako.

A nan ne babbar cutar ta kunno kai. Takardun tambaya suka riƙa fita kafin ranar jarrabawa, sojan gona ya yawaita, aka samu cibiyoyin da kowa ya san da kuɗi ake sayen amsa a cikinsu. Jami'o'i suka fara kukan cewa mai maki 280 kan zo aji ya kasa rubuta wasiƙa. Shi ya sa a 2005 gwamnati ta amince kowace jami'a ta ƙara yin tata tantancewar bayan ta JAMB. Wannan mataki ya taɓa mutuncin hukumar, domin alama ce ta cewa an daina yarda da makinta shi kaɗai.

Gyaran ya zo a hankali. A ƙarƙashin Farfesa Dibu Ojerinde an haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejoji a 2010, ta zama guda ɗaya mai suna UTME. A 2013 aka fara gwada yin ta a kwamfuta, zuwa 2015 aka ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. Farfesa Is-haq Oloyede, wanda aka naɗa a 2016, ya kawo tsarin CAPS a 2017, wanda ke ba ɗalibi damar ganin gurbin da aka ba shi a intanet, ya karɓa ko ya ƙi, don a toshe ɗaukar bayan fage. A shekarar ce kuma hukumar ta mayar wa baitulmalin gwamnati fiye da naira biliyan 7, abin da ba a saba gani ba. Daga 2021 aka wajabta lambar zama ɗan ƙasa ta NIN kafin rajista, lamarin da ya ƙuntata wa sojan gona ƙwarai.

Yau ɗalibi kan isa cibiya tun da sassafe, a duba zanen yatsansa, a zaunar da shi gaban kwamfuta. Darussa huɗu zai amsa, Turanci dole ne a cikinsu, kuma jimillar maki 400 ne. Hausa da Larabci da nazarin addinin Musulunci duk suna cikin darussan da ake iya zaɓa. Kwamfutar ma ba ta rasa tata matsalar ba. A 2025 tangarɗar na'ura ta lalata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Oloyede ya fito bainar jama'a ya amsa laifin hukumar, ya nemi gafara, aka sake musu jarrabawa.

Idan aka auna da gaskiya, JAMB ta cika babban ɓangare na alkawarin 1978: ƙofa ɗaya ce, kuma ɗan talaka na iya shiga ta da makinsa. Abin da ya fi ƙarfinta shi ne abin da ke faruwa kafin yaro ya iso bakin ƙofar. Yarinyar da ta shekara shida a sakandaren da babu malamin lissafi, ko yaron da bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ba su fara tseren daga wuri ɗaya da sauran ba. Kashi 20 da aka ware wa jihohinmu ba zai amfani wanda bai kai makin da ake nema ba, ko wanda ba shi da kiredit biyar, har da Turanci, a WAEC ko NECO.

Don haka aikin yana wuyanmu. Gwamnonin Arewa su ɗauki malamai, su sa kwamfutoci masu aiki a makarantun gwamnati, su kusanto da cibiyoyin jarrabawa ga yaran karkara. Masu hali da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su ɗauki nauyin rajistar marasa ƙarfi. Ku kuma iyaye, kada ku bari a ruɗe ku da sayen amsa. Ku tsaya wa karatun 'ya'yanku tun daga aji ɗaya na sakandare, domin a can ake cin wannan jarrabawa.